BABI NA HUƊU: SHARHI A KAN HARUFFA MASU ƘUGIYA DA MANHAJOJIN "KYAUTA" A SHAGUNAN BUGA TAKARDU NA NASSARAWA

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo tarihin shigowar na'urorin rubutu ƙasar Hausa, tare da kalmomin da Hausawa suka aro ko suka ƙirƙira domin kiran sassansu. A wannan babi kuwa za a yi sharhi ne a kan wata matsala guda wadda da wuya a sami ɗalibin Hausa da bai taɓa cin karo da ita ba, wato ɓacewar haruffa masu ƙugiya (ɓ, ɗ, ƙ) a lokacin da aka kai aiki shago domin a buga. An zaɓi unguwar Nassarawa G.R.A. ta Kano a matsayin farfajiyar nazari saboda dalilai biyu. Na farko, a nan ne aka fara koyar da boko a makarantar gwamnati a Arewacin Nijeriya. Na biyu, unguwa ce ta ofisoshi da ma'aikata da masu hali, saboda haka idan aka ga matsalar a nan, ba za a ɗora laifin duka a kan talauci ba.

Akwai hujjoji biyu da ake yawan kawowa idan aka yi ƙorafi a kan wannan matsala. Ta farko ita ce "na'ura ba ta san Hausa ba". Ta biyu ita ce "ai manhajar kyauta ce, sai haƙuri". Waɗannan hujjoji su ne za a ɗora a kan ma'auni. Ra'ayin mai nazari shi ne ta farko zamaninta ya wuce, ta biyu kuwa ta ginu ne a kan rikitar da ma'anar kalmar "kyauta".

4.1 Matsayin Haruffa Masu Ƙugiya

A shekarar 1909 ne Hans Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa. Gidan da ya zauna yana nan har yau, ana kiran sa Gidan Ɗan Hausa. A shekarar 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan boko. Tun daga wancan lokaci aka lura cewa Hausa tana da wasu sautuka waɗanda babu haruffansu a abajadin Romawa. An yi ta gwada dabaru, wani lokaci a ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani lokaci a sa alamar hamza kusa da shi, har zuwa shekarun 1930 da aka tsayar da haruffa masu ƙugiya. Littattafan da aka riƙa bugawa a Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara a 1939, su suka sa idon mai karatu ya saba da su. Tarurrukan daidaita rubutu da aka yi a Bamako a 1966 da Yamai a 1980 ba su kawar da su ba. Bambancin da ya rage shi ne a Nijar ana rubuta ƴ, a Nijeriya kuwa an fi rubuta 'y. Yahaya (1988) ya yi bayanin tarihin rubutun boko a littafinsa Hausa a Rubuce, don haka ba sai an tsawaita a nan ba.

Abin da ya kamata a jaddada shi ne ƙugiya ba ado ba ce, domin ita ce ke rarrabe ma'ana. Dubi waɗannan misalai:

(i) baki da baƙi
(ii) kura da ƙura
(iii) kafa da ƙafa
(iv) bari da ɓari
(v) gada da gaɗa
(vi) fada da faɗa

Wanda ya rubuta "an tafi fada" alhali yana nufin "an tafi faɗa", ya tura mutane gaban sarki a maimakon fagen rikici. Haka nan "kura ta lafa" magana ce a kan dabba, ba a kan kwanciyar tarzoma ba. Wani zai ce ai mai karatu yana ganewa daga muhallin magana. Wannan gaskiya ne a mafi yawan lokuta, amma sai a tuna cewa rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Ke nan tun asali an ɗora wa mai karatu nauyin cike wani giɓi. Kalmar "faɗa" kaɗai, da ƙugiyarta, tana iya zama rikici, ko furta magana, ko aukawa cikin rami. Idan aka cire ƙugiyar, an ƙara mata ma'ana ta huɗu. Babban mutum da ya tashi da harshen zai iya jure wannan, amma ɗan firamare da baƙon da ke koyon Hausa su ne za su sha wahala.

4.2 Daga Tafireta Zuwa Kwamfuta

Duk wanda ya buɗe tsofaffin kundaye a ɗakin karatu na sashe zai ga yadda magabata suka yi fama. Mafi yawan tafiretocin da ake da su na Ingilishi ne, saboda haka sai a buga k da d da b, sannan ɗalibi ya zauna da biro baƙi yana bi shafi-shafi yana lanƙwasa musu kai da hannu. Aiki ne mai cin rai, amma yana nuna cewa mutanen wancan lokaci sun ɗauki ƙugiya a matsayin wajibi.

Da kwamfuta ta shigo, sai matsalar ta sake kama. A cikin shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin haruffa masu ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda aka fi sani da Rabi'at da Abdalla, ya kuma bar su a hannun jama'a. Wannan aiki ya yi wa sassan koyar da Hausa da mawallafa babbar rana, domin da shi aka buga kundaye da maƙalu masu yawa. Sai dai duk zubin haruffan wancan zamani yana da rauni ɗaya, wanda ba laifin masu yin sa ba ne. Gurabun haruffa a kwamfuta kaɗan ne a lokacin, don haka dabarar da ake yi ita ce a ɗauki gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba, a zana harafin Hausa a kanta. Idan aka kai takardar wata kwamfutar da ba a sa mata wannan zubi ba, sai alamar asali ta dawo, shafi ya cika da tarkace.

Maganin wannan rauni shi ne tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991. Manufarsa ita ce kowane harafi na kowane harshe ya sami lambarsa ta kansa wadda ba ta canzawa daga na'ura zuwa na'ura. Haruffan Hausa masu ƙugiya, manya da ƙanana, suna cikinsa tun farkon shekarun 1990. Alal misali, ƙaramin ɓ yana da lamba 0253, ɗ yana da 0257, ƙ kuma 0199. Abin da ya ɗauki lokaci shi ne kamfanoni su zana waɗannan haruffa a cikin zubin da suke sayarwa, su kuma samar da madannai. Wannan ma an yi shi. A yau Windows tana ɗauke da tsarin madannan Hausa, haka ma madannan Gboard na wayoyin Android.

4.3 Halin da Ake Ciki a Shagunan Nassarawa

Mai nazari ya zagaya wasu shagunan buga takardu da ke kusa da ofisoshin gwamnati a wannan unguwa, ya kuma lura da allunan talla da katunan gayyata da takardun sanarwa da ake bugawa da Hausa. Abin da ya gani shi ne hanyoyi huɗu na rubuta sauti ɗaya:

(i) Wasu suna sa ƙugiya yadda ya kamata: ƙasa.
(ii) Wasu suna watsar da ita gaba ɗaya: kasa.
(iii) Wasu suna komawa ga alamar hamza: k'asa.
(iv) Wasu, musamman matasa, suna aron harafin q: qasa.

Hanya ta biyu ita ce ta fi yawa, ta farko kuwa ita ce mafi ƙaranci. Abin lura a nan shi ne hanya ta uku komawa ce ga dabarar da aka bari tun kafin a fara Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Mai nazari shi kansa bai tsira ba. Ya rubuta babi na ɗaya na wannan kundi a waya, da ƙugiyoyinsa cif, ya kai wani shago domin a buga. Da aka buɗe, sai ga ƙananan akwatuna a gurbin kowane ɓ da ɗ da ƙ, saboda tsohon zubin haruffan da ke kan kwamfutar ba shi da su. Yaron shagon ya ce a je a dawo zai gyara. Gyaran da ya yi shi ne ya umarci kwamfuta ta mayar da kowannensu b da d da k. Da aka dawo an riga an buga, kuma kan maganar da ke cewa "Baƙin Hausa" ya koma "Bakin Hausa". Sai da aka sake biyan kuɗin kowane shafi, a farashin janareta kuwa, domin kafin nan an ɗauke wuta. Yaron bai yi da mugunta ba. A iya saninsa ya taimaka ne, kuma da aka nuna masa kuskuren, amsar da ya bayar ita ce na'ura ba ta san Hausa ba. A gefen allon kwamfutar kuwa akwai rubutu da Ingilishi yana neman a biya kuɗin lasisi.

4.4 Sharhi a Kan Hujjar "Na'ura Ba Ta San Hausa Ba"

Idan aka yi adalci, wannan magana ta taɓa zama gaskiya. A zamanin tafireta gaskiya ce, haka ma a zamanin ƙananan wayoyin da suka shigo bayan an fara layukan salula a Nijeriya a 2001, lokacin da saƙon tes ya koya wa mutane taƙaita kalma da watsar da ƙa'ida. Amma bayanin da aka yi a 4.2 ya nuna cewa an warware ɓangaren fasaha na matsalar. Google ya sa Hausa a cikin manhajarsa ta fassara a watan Disamba na 2013, Facebook kuma ya sa ta a 2016. Wanda ke riƙe da wayar da za ta iya buɗe waɗannan, yana riƙe da wayar da za ta iya rubuta ƙ.

To, me ya sa hujjar ta ƙi mutuwa? Mai nazari yana ganin dalilai uku.

Na farko shi ne rashin koyarwa. Makarantun koyon kwamfuta da ke cikin gari suna koyar da bugun Ingilishi ne. Yaron shago ya koyi yadda ake daidaita shafi da yadda ake zana katin biki, amma ba a taɓa nuna masa inda ake sauya madannai ba, aikin da bai fi na 'yan mintoci ba. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Na biyu shi ne rashin mai tilastawa. Idan aka buga wasiƙar Ingilishi da kuskuren harafi, ofis zai mayar da ita. Idan aka buga sanarwar Hausa babu ƙugiya ko ɗaya, ba wanda zai ce uffan. Sunaye irin su Ɗanladi da Ɗanjuma a kan katunan shaida da takardun makaranta sun daɗe da rasa ƙugiyarsu, har masu sunayen sun saba. Mai shago ɗan kasuwa ne, ba zai ɓata lokaci a kan abin da mai saye bai nema ba.

Na uku shi ne tsufan kayan aiki, kuma wannan shi ne ɓangaren hujjar da ke da ƙamshin gaskiya. Yawancin kwamfutocin shaguna na gwanjo ne, manhajojin da ke kansu kuma kwafi ne da mai gyara ya ɗora, ba a sabunta su, ba a kuma son a haɗa su da intanet don kada su kulle. Wannan shi ya kai mu ga hujja ta biyu.

4.5 Sharhi a Kan Kalmar "Kyauta"

A Hausa, kyauta abu ne da wani ya mallaka ya ba wani ba tare da karɓar komai ba. A bakin masu shaguna da masu waya kuwa, ana kiran abubuwa uku mabambanta da wannan suna ɗaya, kuma wannan cakuɗawa tana hana a gane inda gizo ke saƙar.

4.5.1 Kwafin da Ba a Biya Ba

Idan mutum ya sayi kwamfuta a kasuwa, mai gyara yakan ɗora masa Windows da Word da CorelDRAW, ya karɓi ladan aikinsa, a ce an sami manhaja kyauta. Hakikanin magana, masu ita ba su bayar ba, an fasa makullinta ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi. Mai nazari ba ya jahiltar dalilin da ya jefa mutane cikin wannan hali. Farashin waɗannan manhajoji da dala ake yanke shi. Kafin watan Yuni na 2023 ana canza dala ɗaya a kan wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma a farkon 2024 ta haura naira 1,500. Bugu da ƙari, kamfanonin sun karkata daga sayarwa zuwa haya. Tun 2013 Adobe ya koma karɓar kuɗin wata-wata ko shekara-shekara a kan manyan manhajojinsa, Microsoft ma ya fi tallata irin wannan tsari. Wato abin da a da za a saya sau ɗaya a huta, yanzu ya zama kamar ɗakin haya, ranar da aka daina biya a rufe ƙofa. Mai shagon da ke karɓar kuɗin shafi da naira, ga man janareta, ba zai iya wannan ba.

Duk da haka, tsintacciyar mage ba ta mage. Kwafin da aka fasa ba shi da mai kula da shi, ba a iya kai ƙarar kowa idan ya lalace, kuma sau da yawa shi ne ƙofar da bairos ke bi ya cinye aikin ɗalibi a filashi. Har ila yau, a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10, alhali tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Ke nan injin yana da rai, amma an yanke masa hukunci daga nesa.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a faɗa ko da ba zai yi daɗi ba. Marubutan ƙagaggun labarai da ke sayar da littattafansu ta WhatsApp suna kuka, kuma da gaskiyarsu, idan wani ya biya sau ɗaya ya watsa littafin a zauruka. Masu shirya finafinai ma sun yi irin wannan kuka a lokacin da satar faifai ta durƙusar da kasuwarsu. Amma ba safai ake tsayawa a tambayi da wace manhaja aka tsara bangon littafin ko aka tace fim ɗin ba. Idan haƙƙin mallaka abin karewa ne, to ba ya zama halas don kawai mai shi yana Amurka.

4.5.2 Kyautar Kamun Kifi

Nau'i na biyu shi ne manhajojin da kamfani ke bayarwa da kansa ba tare da karɓar kuɗi ba, irin su Facebook da WhatsApp da TikTok. Wannan ya fi kama da tana a bakin ƙugiyar masunci. Mafi yawan irin waɗannan kamfanoni daga talla suke samun kuɗi, tallar kuwa tana tafiya ne da lokacin mai amfani da bayanan da aka tara a kansa. Bayan haka ga kuɗin data, wanda hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince a ƙara farashinsa da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025. Abin da ya shafi wannan nazari shi ne mai amfani ba shi da ta cewa. Idan fassarar Hausa ta cikin manhajar ta yi gargada, ba shi da ikon buɗe ta ya gyara. Idan kamfani ya ga dama ya cire wani abu, sai dai a wayi gari a ga babu. Zanen aro, kamar yadda aka sani, ba ya rufe katara.

4.5.3 'Yantacciyar Manhaja

Nau'i na uku shi ne wanda Richard Stallman ya fara fafutukarsa a Amurka a 1983 da shirin GNU, ya kuma kafa masa gidauniya a 1985. Sharuɗɗansa huɗu ne: 'yancin amfani da manhaja a kowane aiki, 'yancin duba asalin rubutun umarninta a gyara, 'yancin raba kwafi, da 'yancin raba kwafin da aka gyara. A 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya fara Linux, wadda a kanta aka gina Android ɗin da ke aljihun mafi yawan mutane a yau. LibreOffice, wadda ta samo asali a 2010, tana yin aikin rubutu da lissafi, tana kuma buɗe takardun Word. Ta fuskar haruffa, akwai zubin Charis da Doulos da Andika na ƙungiyar SIL, waɗanda ke ɗauke da haruffan Hausa kuma an yarda kowa ya kwafa, sai kuma Keyman da ake tsara madannai da ita.

A ganin mai nazari, fassara sunan wannan nau'i da "manhajar kyauta" kuskure ne, domin yana jefa shi kwando ɗaya da nau'o'i biyun farko. Asalin maganar a kan 'yanci take, ba a kan farashi ba. Idan ana neman abin da ya fi kusa da shi a rayuwar Bahaushe, to waƙafi ne, a ma'anarsa ta shari'a, ba alamar rubutu ba. Wanda ya haƙa rijiya ya yi waƙafinta, ba mai ikon kulle ta ya ce tasa ce, amma ɗan ga-ruwa yana da damar ɗiba ya kai gida a biya shi ladan wahalarsa. Haka mai gyara zai iya ɗora LibreOffice ya karɓi kuɗin aikinsa da halalinsa, ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ta fuskar yadda ake gina ta kuwa, ta yi kama da aikin gayya. Saboda haka ake ba da shawarar a riƙa cewa "'yantacciyar manhaja", a bar "kyauta" ga abin da ba a biya ba kawai.

4.6 Raunin 'Yantacciyar Manhaja

Ba zai zama adalci ba a yabi wannan nau'i a ƙi faɗin aibinsa. Da farko, ba ta kawo wuta, ba ta kuma sayen data, kuma sauke ta daga intanet kansa kuɗi ne. Na biyu, takardar da aka tsara a Word takan ɗan sauya fasali idan aka buɗe ta a LibreOffice, musamman mai jadawali da yawa, kuma mai shagon da mutane ke tsaye a kansa ba shi da lokacin gyara. Na uku, yaran shago da masu gyara sun saba da abin da suka koya, sabo kuwa turken wawa ne. Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, rijiyar waƙafi tana bukatar mai yasa. 'Yancin fassara manhaja zuwa Hausa ba shi ne fassarar ba. Sai an sami waɗanda za su zauna su yi, su daidaita kalmomi, su kuma ci gaba da bi duk lokacin da aka sabunta. Aikin sa-kai yakan yi zafi da farko ya huce, idan babu wata cibiya a bayansa.

A nan ne nauyi ya dawo kan sassan koyar da Hausa. Suna da tarihin irin wannan aiki, kamar yadda littafin keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 suka nuna. Abin da ke gabansu yanzu ya fi gaggawa, domin na'urorin fassara da na bincike daga rubutun da suka tarar a intanet suke koyo. Idan kalma ɗaya ta rabu gida huɗu kamar yadda aka nuna a 4.3, kuma marar ƙugiya ta fi yawa, to ita na'ura za ta ɗauka a matsayin daidai, ta kuma mayar wa yara da ita.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa ƙugiya tana ɗauke da ma'ana, kuma an daɗe da samar mata gurbi a kwamfuta da waya. An nuna cewa abin da ke hana ta fitowa a shagunan Nassarawa shi ne rashin koyarwa, da rashin mai tilastawa, da dogaro da tsofaffin kwafin da ba a biya ba. An kuma rarrabe abubuwa uku da ake kira "kyauta", aka nuna cewa na ukun ne kaɗai ke ba mai harshe ikon gyara kayan aikinsa, duk da raunin da yake da shi. Dangane da haka, ana ganin ya dace sashe ya koyar da sauya madannai tun a aji ɗaya, ya tsayar da zubin haruffa na Unicode guda ɗaya ga dukkan kundaye, ya kuma riƙa karɓar fassarar wani yanki na 'yantacciyar manhaja a matsayin aikin jinga. Ofisoshin gwamnati da ke wannan unguwa su ma suna iya mayar da duk sanarwar Hausa da aka kawo musu babu ƙugiya, kamar yadda suke mayar da ta Ingilishi mai kuskure. Babi na biyar zai kawo taƙaitawa da sakamakon bincike da sauran shawarwari.